Agogon Ladan Da Ya Ringa Riga Alfijir

Kawuna shine ladanin wani ɗan masallacin unguwa anan Aboabo, Kumasi, ba na juma'a bane, irin wanda sahu huɗu ke cika shi ne, kuma tun ina yaro shi na taso na gani yana kiran sallah a wajen. Mutanen layin da muryarsa suke saita safiyarsu, masu koko da ƙosai da kiransa na farko suke hura wuta, direbobin trotro masu lodin sassafe ma shi suke jira. Toh wata ranar Litinin, saura sati uku a kama azumi, sai gashi ya rangaɗa kiran assalatu kusan minti 20 kafin lokaci, duk masallatan kewaye tsit, shi kaɗai yake ta faman kira cikin duhu. Bayan an idar liman ya ja shi gefe yace "Malam, yau asuba ce abun da sauƙi, an jira an sake kira. Amma in ranar azumi hadari ya rufe rana ka kira magariba da agogon nan, wa zai ɗauki nauyin bakin mutane?" Maganar nan ta tsaya ma Kawu a rai sosai, da hantsi ya aiko a kira ni daga shago.

Ni gyaran waya nake yi, shiyasa a gidanmu duk abun da ke da sukuru a jiki ni ake miƙo mawa, har fanka da rediyo. Agogon kuma ɗansa ne mai zuwa Guangzhou saro kaya ya kawo masa tsaraba. A fuskarsa an rubuta Rolex, ga kambi, ga tagar kwanan wata da ɗan gilashin nan mai ƙara girma, amma duk gidan an san kwafi ne, yaron bai ɓoye ba, shima Kawu bai taɓa ce ma kowa na asali bane. Ba na batir bane, atomatik ne, motsin hannu ke wana shi. Wata takwas yana ɗaure dashi kuma duk tsawon nan gudun da yake baya wuce minti 3 zuwa 4 a sati, duk juma'a in zai tafi masallaci sai ya sa jikansa ya karanto masa lokacin waya ya mayar dashi daidai. Wannan juma'ar ma ya saita da azahar, zuwa asubar Litinin ya tara minti 19 ko 20, in ka raba kusan minti 7 kenan a rana. Agogon da wata takwas yake ƙara rabin minti a rana dare ɗaya ya koma minti 7. Da na tsaya nayi tunani akan wannan kawai da ban yi wautar da nayi ba, sabida abu mai canzawa farat ɗaya haka wani abu ne ya same shi, ba saiti bane ya gaji.

Amma ina, nidai na sa a aljihu na hau trotro sai wajen Kejetia, na samu wani mai teburi irin masu canza batir da maɗauri, nace agogo ne ke gudu. Ko tambaya ɗaya bai min ba. Ya murɗe murfin baya, ya nuna min wani ɗan hannu a saman injin kusa da alamar + da −, yace ai ga matsalar nan, ya sa bakin sukundireba ya tura, ya leƙa, ya sake tura wani na kusa dashi, ya rufe, sidi 20. Sukundirebar nan kuwa da idona naga ƙananan sukurori manne a bakinta, irin tamu ce ta masu waya mai maganaɗisu, a lokacin ko a jikina.

Da na dawo sai nace bari dai in auna kafin in mayar ma Kawu. Na saita shi da waya sakan da sakan, duk safiya ƙarfe 7 in ajiye su tare in ɗau hoto da wayar yaron shagona, sabida ido yana ruɗi amma hoto baya musu. Lokacin waya daga netwok yake zuwa, kuma mu Ghana kan GMT muke cif, layin Greenwich ɗin ma ta Tema ya ratsa, saboda haka ma'aunin ba matsala. Rana ta farko ya ƙara minti 3 da sakan 5, ta biyu minti 2 da 40, ta uku minti 3 da rabi. Ya ragu amma bai warke ba, kuma gudun ma ba iri ɗaya bane kullum. Ga sabon ciwo kuma, in ya kwana ya tsaya na wana shi baya tashi da kansa sai na girgiza shi, abun da baya yi da.

Wani abokin sana'a ne ya min kwatancen wani dattijo a Adum, ɗan zango ne, shagonsa a saman bene, ɗan ƙuƙut, kowa Baba mai agogo yake ce masa. Tun zamanin da kowane agogon hannu sai an wana shi yake sana'ar, kafin na batir su cika kasuwa, kunsan Seiko ne suka fara fitar da na batir irin na quartz ɗin nan a Disamba 1969, kafin a ankara sun kashe ma masu gyara irinsu kasuwa. Na gaishe shi na miƙa agogo, bai ko taɓa murfin ba ya fara jero min tambaya. Yaushe ya fara? A hankali ya fara ko dare ɗaya? Ya faɗi ƙasa? Ruwa ya shiga? A wane hannu mai shi yake ɗaurawa, kuma in ya cire ina yake ajiyewa? Biyu kawai na iya amsawa. Da na gaya masa an riga an buɗe an tura saiti sai ya cire tabarau ya kalle ni yace "ɗana, an ba mara lafiya magani kafin a tambaye shi ina ke masa ciwo kenan."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko ɗan kamfas, irin na neman alƙibla, ya bari allurar ta natsu sannan ya matso da agogon a hankali. Allura ta fizgo da ƙarfi ta bi shi. Ya juya agogon ta ɗaya gefen, sai ɗaya bakin allurar ya juyo. Yace wannan juyawar ita ce shaida, don kowane injin agogo akwai ƙarfe a ciki kuma zai ɗan motsa allura ko lafiyarsa ƙalau, amma in gefe ɗaya na ja ɗaya na kora toh agogon kansa ya zama maganaɗisu.

Anan ne ya buɗe ya bani gilashin ido na leƙa, kuma gaskiya ni da nake buɗe waya kullum sai da abun ya burge ni. Cikin agogo irin wannan akwai babban sifirin a naɗe cikin gwangwani, shine ma'ajin ƙarfi, shi faifan nan mai juyawa yake wanawa in hannu na motsi. Ƙarfin yana bin ƙananan giyoyi har ya iso kan wata 'yar ƙawanya mai lilo gaba da baya, balans suke ce mata, a tsakiyarta kuma akwai wani siririn sifirin a naɗe kaman gammo, sirantarsa kaman gashin kai, Baba ma gashi yake ce masa. Wannan gashin shine mai lokaci. In yayi tsawo lilon yana tafiya a hankali agogo ya ringa baya, in ya gajarce lilon yayi sauri agogo ya ringa gudu, shikenan sirrin. Toh in maganaɗisu ya kama shi sai zagayen gashin su ringa jan juna, wani lokacin har biyu su manne, sai ya zama kaman an yanke masa tsawo. Shiyasa agogon da ya sha maganaɗisu yawanci gudu yake, kuma gudun baya tsayawa kan lamba ɗaya don mannewar ba kullum take iri ɗaya ba. Da na ƙura ido na ga gashin baya buɗewa daidai, gefe ɗaya a cure yake.

Yace kira mai agogon ka tambaye shi inda yake ajiyewa. Na kira nace "Kawu, in zaku yi alwala ina kuke ɗora agogon?" Yace da kan taga yake sawa, amma tunda aka kawo sabon akwatin sifika aka ajiye bakin ƙofa kusa da famfo sai yake ɗorawa a kai, ya fi kusa kuma ba ƙura. Nace yaushe aka kawo? Yace ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce kafin abun ya faru, kwamiti suka siyo saboda tarawihi. Baba na jin haka ya fara dariya. Sau biyar a rana, kullum, agogo na zaune kan ƙaton maganaɗisun da ke bayan sifika, wani lokacin ma Kawu yace in ya manta tun magariba sai bayan isha'i yake ɗauka. Daga baya na je da kaina da kamfas ɗin jikin darduma na gwada a saman akwatin, allurar ta manta da alƙibla kwata-kwata, sifika kawai take kallo.

Kuma fa ba wai don kwafi bane kaɗai. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na agogon da ake ce ma mai jure maganaɗisu, ISO 764, abun da ya nema shine ya jure kusan gaus 60, gaus ɗin shine ma'aunin ƙarfin maganaɗisu, wanda ba wani abu bane in ka haɗa da maganaɗisun sifika ko na murfin jakar mata ko na bayan wasu wayoyin yanzu in abu ya manne musu. Shiyasa kamfanoni suka daɗe suna fama da abun, Rolex sun yi Milgauss mai jure gaus 1,000 tun 1956, Omega kuma a 2013 suka fito da mai jure 15,000. Namu na Guangzhou ba wanda ya masa wannan alkawarin.

Kafin ya cire maganaɗisun sai da ya ɗora agogon kan injin awo, wata na'ura ce mai ɗan makirfo da ke sauraron bugun agogo ta rubuta a allo. Abu na farko da ta nuna shine 21,600, wato bugu 21,600 a awa, 6 a sakan ɗaya. Rolex na gaske mai irin wannan fuskar 28,800 yake bugawa, 8 a sakan, don haka ko ba a buɗe ba na'urar ta tona asiri. Injin ciki irin na China ne da masu gyara ke kira 2813, wanda aka kwaikwayo tsarinsa daga Miyota 8215 na Japan, shi ya cika cikin kwafi masu araha. Sauran lambobi uku ne, sakan nawa agogo ke ƙarawa ko ragewa a rana, sai faɗin lilon balans da digiri, sai na ukun da Baba ke kira ɗingishi, wato bambancin tsawon tik da tak, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Namu ya nuna +190, lilo 195, ɗingishi 3.9, layin allon kuma a warwatse kaman an watsa gero. Lafiyayyen agogo da aka wana ya cika, a rigingine, lilonsa ana so ya kai wajen 270 zuwa 310, ɗingishi kuma ƙasa da 1, in son samu ne ƙasa da rabi.

Cire maganaɗisun kansa abun dariya ne don sauƙi. Wani ɗan shuɗin akwati ne da ake jona ma wuta, ya ɗora agogon a kai, ya danne maɓalli, yana danne ya ringa ɗaga agogon a hankali har tsawon hannu sannan ya saki. Ya juya shi ya sake, sau uku. Duka bai kai minti biyu ba. Kamfas ta daina bin agogo. Aka mayar kan injin awo, layi ya miƙe tsaf, lilo ya hau 262, sai lambar gudu ta fito −250.

Na ce Baba ya haka kuma, ai yanzu baya yake. Yace "ga aikin mutuminka nan ya fito fili." Mai teburin nan ya tura saiti can ƙarshen − don ya danne gudun maganaɗisu, toh yanzu maganaɗisu ya tafi an bar agogo da birkin da aka taka masa, minti 4 da wani abu yake rasawa a rana. Da ban zo nan ba, ko da maganaɗisun ya ragu da kansa, da Kawu ya koma kiran sallah a makare ba wanda zai gane dalili. Ɗingishin ma shi ya jawo. A saman balans hannaye biyu ne kusa da juna kuma sun yi kama, ɗaya yana riƙe da ƙarshen gashin, shine na gyara ɗingishi, ɗayan yana da 'yan tsinke biyu da gashin ke wucewa tsakaninsu, shine na sauri da jinkiri, in ka matsar dashi kana rage ko ƙara tsawon gashin da ke aiki. Mutumin ya tura duka biyun. Shi yasa agogon baya tashi da kansa, balans ɗin ta daina hutawa a tsakiya.

Gyaran wannan ɓarnar shi ya ci lokaci, wajen minti 40. Ɗingishi ya fara gyarawa don in ka taɓa wancan hannun gudu ma canzawa yake, in ka fara da gudu aiki biyu zaka yi. Ba da sukundireba ya taɓa ba, da ɗan tsinken katako ne da ya fere, yace ƙarfe in ya zame ya faɗa cikin gashi an gama. Daga 3.9 ya dawo 1.6, ya wuce ta ɗaya gefen, ya dawo, har ya tsaya 0.3 yace ya isa. Sannan ya koma kan gudu. Abun da ya bani mamaki shine ƙanƙantar turawar, wallahi wani turin idona baya ganin hannun ya motsa amma allo ya nuna an tsallake sakan 30 ko 40. Daga −250 ya tafi +60, ya dawo −15, ya koma +25, kowane turi sai ya jira layi ya natsu kafin ya sake. Lissafin ma in ka yi shi zaka gane dalili, rana ɗaya sakan 86,400 ce, agogon nan kuma bugu 518,400 yake a rana, saboda haka kuskuren sakan 10 a rana ɗaya ne cikin 8,640. Gudun minti 7 ɗin da ya tada unguwa gaba ɗaya ma bai cika rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Da ya kai +6 na ɗauka an gama na fara laluben aljihu, sai ya fara juya agogon a kan injin. A rigingine +6, a kife +10, a tsaye maɓallin wanawa na kallon ƙasa −9, maɓalli sama +19. Agogo ɗaya, saiti ɗaya, amma tazarar sakan 28 tsakanin kwanciya da kwanciya. Yace wannan ba hannun saiti ke gyara shi ba, nauyin balans ne bai daidaita ko'ina ba, in agogo ya tsaya a tsaye nauyin yana rinjayar gefe ɗaya, hannun saiti kuwa duka lambobin yake ɗagawa ko ya sauke tare, baya matso dasu kusa da juna. Anan tambayar hannu ta shigo. Mai ɗaurawa a hagu in ya saki hannunsa maɓalli ƙasa yake kallo, mai ɗaurawa a dama kuma sama yake kallo. Kawu a dama yake ɗaurawa kaman yawancin malamanmu, kenan duk tsayuwar sallah da tafiyar da yake agogon na kwanciyar da ya fi gudu ne. Don haka Baba ya ƙara sauke shi kaɗan, rigingine ta dawo +2, maɓalli sama +15, maɓalli ƙasa −13.

Mun ɗan yi gardama akan inda za a bar shi. Al'adar masu gyara su bar agogo da ɗan gudu kaɗan, wai gara ka riga lokaci da ka makara, kuma gyaransa ya fi sauƙi, in ka ja maɓalli tsinken sakan ya tsaya ka jira lokaci ya kamo shi ka mayar. Nace Baba wannan fa ladan ne, gudun ne ma ya kawo mu. Yace toh in na bar shi yana baya magariba ta tsira, amma mai sahur fa, ya cigaba da ci bayan alfijir? Na rasa amsa. Agogon ladan ba gefen da yake da aminci, sai dai kusa da sifili iya yanda injin zai yarda, sauran kuma a bar ma saitin juma'a.

Ya riƙe agogon kwana biyu. Abun da yake so ya gani shine halinsa in ƙarfi ya ragu, don awon da aka yi yanzu an wana shi ya cika ne. Bayan awa 24 ba a taɓa shi ba lilo ya sauka 215, gudu kuma ya ƙaru da kusan sakan 8. Irin injin nan awa 40 ko kusa da haka yake ɗauka in ya cika, amma rabin ƙarshen ba abun dogaro bane. Kawu kuma dattijo ne, yawancin yininsa a zaune yake da carbi, motsin bai isa ya cika sifirin ba, kenan agogon kullum a rabin ƙarfi yake yawo. Maganin ba kuɗi, kullum bayan asuba ya wana da hannu sau 25 zuwa 30. Baba yace man da ke cikin injin ma kaɗan ne, wasu 'yan duwatsun da giyoyi ke juyawa a kai a bushe suke, kuma ya ga ɗan zare a ciki tun daga inda aka haɗa shi, irin waɗannan ba a cika haɗa su a wuri mai tsafta ba. Cikakken sabis, a warware komai a wanke a sa mai, kuɗin aikin zai kusa kuɗin sabon inji, don haka shawararsa a bari tukunna, ranar da lilo ya kasa kaiwa 200 a cike sai a zauna a yi lissafi ko sabis ko canjin inji.

Na tambaye shi wai yanzu wannan sakamakon mai kyau ne ko dai haƙuri ne. Yace ya danganta da wa kake haɗa shi. Seiko NH35 da Miyota 8215, injina ne na asali masu suna da ke cikin agogunan da ba jabu ba, alkawarin da kamfanoninsu suka rubuta shine daga −20 zuwa +40 a rana. Hukumar COSC ta Suwizalan da ke ba agogo shaidar kronomita, wato ta riƙe lokaci daidai, tana gwada inji kwana 15, kwanciya 5, yanayin zafi 3, kuma sai ya tsaya tsakanin −4 da +6. Rolex na gaske tun 2015 sakan 2 gaba ko baya suke alkawari, kuma nasu ma babu wannan hannun da ake turawa, wasu 'yan ƙananan noti ne a jikin balans ɗin ake murɗawa da makulli na musamman. Saboda haka rubutun fuska na Kawu yana faɗin sakan 2, injin ciki kuma ɗan ajin sakan 40 ne, in ka same shi a 10 ka ci riba. Ni kuma a raina nace Casio F-91W ɗin nan na roba da yaran makaranta ke ɗaurawa sakan 30 a wata yake alkawari, ya fi su duka, amma je ka gaya ma dattijo ya cire tsarabar ɗansa ya ɗaura roba.

Wani abu da na riƙe daga hirar, don na tambaye shi ya mutum zai gane kafin ya kawo. Yace in agogo yana ƙara ƙasa da minti ɗaya a rana kuma kullum lambar kusan ɗaya ce, wannan saiti ne, a tura hannu a wuce wajen. In dare ɗaya ya koma mintoci, a fara da kamfas. In kuwa mintoci yake ƙarawa a awa ɗaya, kamfas kuma bata nuna komai ba, toh ko ya faɗi gashin ya harɗe ya hau kan wani abu, ko mai ya zubo masa ya manne, wannan sai an cire balans an wanke. Akwai ma wanda ƙarfi ke masa yawa balans ta ringa zagayowa tana dukan bayan ɗan cokalin da ke tura ta, zaka ji bugunsa kaman sukuwar doki, shima gudu yake, amma yace a irin waɗannan injinan ba kasafai yake gani ba, su ƙarancin ƙarfi ne ciwonsu.

Na karɓo ranar Asabar na biya sidi 120, na kai ma Kawu da sharuɗɗa. Na buga ƙusa a bango can nesa da sifika ta ɗaya gefen famfo, nan ne wajen rataya. Kar a ɗora kan rediyon ɗaki ko kan waya. Da dare a jingina shi a tsaye maɓalli ƙasa, tunda a wannan kwanciyar baya yake ja, sai ya ɗan biya bashin da ya ci da rana. Na cigaba da ɗaukar hoto duk safiya har kwana bakwai, jimillar ta tafi +7, +16, +22, +33, +39, +50, +57. Kusan sakan 8 a rana, ƙasa da minti ɗaya a sati. Sau biyu tayi tsalle 11, da na bincika sai naji rana ɗaya ya manta bai wana ba, ɗayar kuma a rigingine ya kwana kan tebur.

Saura abu ɗaya da bai gyaru ba, robar murfin baya, mai teburin nan ya matse ta a karkace ta tsinke, Baba kuma bashi da girmanta a ƙasa, ya sa wata ta wucin gadi yace kar ruwa ya kusance shi sam, ga damina na tahowa ga zufar Kumasi. Liman dai bai yarda da agogon gaba ɗaya ba har yau, ya sa an siyo batir an tada agogon bangon masallacin da ya shekara a tsaye, an manna jadawalin lokutan sallah a ƙasansa. Ranar ɗaya ga azumi na tsaya bakin ƙofa da dabino a hannu ina kallon Kawu, ya duba na hannunsa, ya ɗaga kai ya duba na bango, ya leƙa waje ya kalli yamma, sai da yaji masallacin bayan layi sun fara sannan ya kunna makirfo.